Kuɗin Ajiyar Ɗan Haya: A Hannun Wa Ya Kamata Su Zauna?

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi wahalar da ɗan haya ke sha kafin ya karɓo kuɗin ajiyar da ya bayar ranar shiga gida, bayan wa'adin hayarsa ya cika, musamman a biranen Nijeriya irin su Abuja da Kaduna da Kano. Ra'ayin maƙalar shi ne tushen rigimar yana ga inda kuɗin suke zama, domin wanda ke riƙe da su shi ne mai da'awar an yi masa ɓarna, shi ne kuma mai yanke nawa za a cire. An auna wannan hali da tanadin dokokin Ingila da Jamus da Faransa da Afirka ta Kudu, sannan da abin da fiƙihun Malikiyya ya shimfiɗa game da jingina da amana. An nuna cewa maganin da waɗancan ƙasashe suka kai gare shi yana da asali a littattafan da ake karantawa a zaurukanmu.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya nemi gidan haya a Abuja, ko a sababbin unguwannin Kaduna da Kano, ya san kuɗin shekara ba su kaɗai zai lale ba. Akwai la'adar dillali, galibi kashi 10 cikin 100 na hayar. Akwai kuɗin lauyan da ya rubuta yarjejeniya, su ma sau da yawa kashi 10. In rukunin gidaje ne, ga na gadi da na shara. A ƙarshe sai kuɗin ajiya, waɗanda dillalai ke kira koshin. Sauran duka da an biya su sun tafi ke nan. Waɗannan na ƙarshe kuwa alkawari aka yi za su dawo, muddin ɗan haya ya fita bai yi ɓarna ba, bai kuma bar bashin wuta ko na ruwa ba.

A tsofaffin unguwanni, inda mai gida yake zaune a sashe ɗaya ɗan haya a ɗaya, kuma wani ɗan'uwa ko mai unguwa ne ya tsaya aka ba da ɗakin, ba a cika jin wannan magana ba. Sanayya ita ce jinginar. Kuɗin ajiya sun zo ne tare da gidajen zamani, inda mai gida da ɗan haya kan shekara ba su ga juna ba, dillali ne kawai a tsakani. Al'adar ta shigo, amma ƙa'idojin da ya kamata su rako ta ba su shigo ba.

2.0 Ranar fita

Mu ɗauki misalin ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki daga Kaduna zuwa Sakkwato. Ya shekara uku a gida mai ɗaki biyu da falo, ranar da zai shiga ya ajiye naira 100,000. Yau motar kaya tana ƙofar gida, an gama lodi, ya kira dillali ya zo ya karɓi makulli. Dillali ya shiga zagaye. Ya sa yatsa a ramin ƙusar da aka rataye agogo, ya nuna baƙin hayaƙi a bangon kicin, ya murɗa kan famfon banɗaki ya ga yana ɗiga, ya ɗaga kai ya hango tabon ruwa a silin. Ɗan haya ya ce yoyon nan tun daminar farko ya kai ƙorafinsa, kan famfon kuma haka ya tarar da shi. Babu takardar da za ta gaskata shi. Dillali ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, sai Alhaji ya gani da idonsa." Direba yana ta danna hon. Mutumin ya miƙa makulli ya shiga mota.

Abin da zai biyo baya sananne ne. Kiran farko, Alhaji ya yi tafiya. Na biyu, ana jiran mai fenti ya yi lissafi. Na uku shi ne wanda ya kamata mai nazari ya tsaya a kansa: "Ka bari sabon ɗan haya ya biya, sai a turo maka." Wanda ya faɗi haka ya riga ya ba da shaida a kan kansa cewa kuɗin ba sa nan. An zuba su a siminti, ko a kuɗin makarantar yara, ko sun maƙale a hannun dillalin tun farko mai gida bai ma san an karɓa ba. Ajiyar ta zama rance ba da yardar mai ita ba. Daga nan duk tabon da ke bango sai ya zama hujja, tunda mutumin da ba shi da abin biya dole ya nemi dalilin ƙin biya.

In lissafin ya fito, sau da yawa za ka ga an sa fentin gida gaba ɗaya da kwashe sokawe. Waɗannan lalacewar yau da gobe ce, wadda ko mai gidan ne da kansa a ciki sai ta faru, kuma don ita ake karɓar kuɗin haya. Ɓarna daban take: ƙofar da aka ɓalle, tayil ɗin da aka fasa, wayar wutar da aka yanke aka tafi da ita. Ko a nan ma, wanda ya fasa tsohon abu bai kamata a caje shi kuɗin sabo fil ba.

Jinkirin kansa asara ne. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. A irin wannan shekara, naira 100,000 da aka riƙe wata goma sha biyu ba za ta sayi abin da ya wuce na kimanin naira 74,000 ba. Ko da an dawo wa mutum da kuɗinsa cif, ya riga ya yi asarar kimanin rubu'insu.

'Yan haya kan ce an ba kura ajiyar nama. Ina ganin wannan hukunci ya yi tsauri a kan masu gidaje da yawa, domin su ma suna da tabonsu. Akwai ɗan hayar da zai fita da tsakar dare ya bar bashin wuta na watanni a kan mita. Akwai wanda zai kwance fanka da kwasfa da kan famfo ya haɗa da kayansa. Akwai kuma wanda, saboda ya san ajiyarsa ba za ta dawo ba, zai ƙara wata biyu a gidan ba biya, ya ce ya fanshe. Mai gidan da aka yi wa haka sau ɗaya, na gaba zai ninka kuɗin ajiya kuma ba zai saki ko sisi ba. Kowane ɓangare yana ramuwa ne a kan wanda bai yi masa laifi ba.

3.0 Abin da doka ta tanada a Nijeriya

Sha'anin haya yana hannun jihohi. Dokar karɓe gida daga ɗan haya da ake aiki da ita a Abuja, da ire-irenta a jihohin Arewa, sun fi mai da hankali kan yadda mai gida zai karɓi gidansa: notis na wata guda ga mai biyan wata-wata, na wata shida ga mai biyan shekara, sai na kwana bakwai kafin a tafi kotu. Hankalinsu yana kan makulli, bai kai ga ajiya ba.

Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ɗan matsa gaba. Ta hana karɓar hayar fiye da shekara guda daga sabon ɗan haya, ta sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata uku, kodayake ta cire Apapa da Ikeja GRA da Ikoyi da Victoria Island. Game da ajiya, ta wajabta a ba da rasit na daban, ta kuma ba ɗan haya haƙƙin samun bayani a rubuce duk wata shida kan yadda aka kashe abin da ya biya. Amma ba ta faɗi inda za a ajiye kuɗin ba, ba ta kuma yanka ranar dawo da su ba.

Ƙofar kotu a buɗe take. Legas ta kafa kotun ƙananan basussuka a 2018, mai sauraron da'awar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba, da nufin yanke hukunci cikin kwana 60, kuma ba dole sai da lauya ba. Kano ta bi sahu a 2019. Wannan ci gaba ne na gaske, 'yan haya da yawa ma ba su san da shi ba. Sai dai mutumin da ya koma Sakkwato zai yi lissafin kuɗin mota da kwana da izinin ofis, ya ga sun kusa cinye abin da yake bi, sai ya ce ya bar wa Allah. Wanda ke riƙe da kuɗin ya san da wannan lissafi sarai.

4.0 Yadda wasu ƙasashe suka ɓullo wa lamarin

A Ingila da Wales, Dokar Gidaje ta 2004 ta zo da tsarin da ya fara aiki ranar 6 ga Afrilu, 2007. Mai gida yana da kwana 30 ya sa ajiyar ƙarƙashin ɗaya daga cikin tsare-tsare uku da gwamnati ta amince da su, wato Deposit Protection Service da MyDeposits da Tenancy Deposit Scheme, ya kuma sanar da ɗan haya a rubuce. Zai iya miƙa musu kuɗin su riƙe kyauta, ko ya riƙe su da kansa ya biya inshora. Ko na biyun ya zaɓa, da zarar an samu saɓani dole ya miƙa adadin da ake jayayya a kai. In ya ƙi bin wannan, kotu na iya sa ya biya ɗan haya daga kwatankwacin ajiyar har zuwa ninki uku. In an daidaita kan adadi, kwana 10 ne wa'adin biya. In ba a daidaita ba, mai raba gardama na tsarin zai duba takardu da hotuna kyauta, kuma mai gida ne zai kawo hujja, tunda asalin kuɗin na ɗan haya ne. A 2019 aka ƙara iyakance ajiyar a Ingila, kada ta wuce hayar mako biyar in hayar shekara ba ta kai fam 50,000 ba.

Jamus ba ta kafa wata hukuma ba. Sashe na 551 na kundin dokokinta na mu'amala ya ce ajiya kada ta wuce hayar wata uku, ɗan haya yana da damar biya kashi uku, kuma dole mai gida ya ajiye ta a banki daban da dukiyarsa. Sashe na 548 ya ba shi wata shida kacal daga ranar da ya karɓi gidansa ya yi da'awar ɓarna. A Faransa, dokar 6 ga Yuli, 1989 ta tsayar da ajiyar gidan da ba kaya a kan hayar wata guda. In takardar duba gida ta ranar fita ta yi daidai da ta ranar shiga, wata guda ne wa'adin biya, in ba haka ba wata biyu. Tun 2014 kowane watan jinkiri yana jawo wa mai gida tarar kashi 10 cikin 100 na hayar wata.

Wadda ta fi kusa da halinmu ita ce Afirka ta Kudu. Dokarta ta gidajen haya ta 1999 ta wajabta wa ɓangarorin biyu su duba gida tare ranar shiga da gab da fita. In babu ɓarna, kwana 7 ne. In akwai, a gyara, a nuna rasit, a biya ragowar cikin kwana 14. Sai wani tanadi mai kaifi: mai gidan da bai yi wannan dubawa tare da ɗan haya ba, doka ta ɗauka ya amince gidansa lafiya lau yake, ba shi da sauran da'awa. Wannan sashe bai ci wa gwamnati ko kwabo ba, amma ya juya lamarin. Yanzu mai gida ne ke neman ɗan haya ya zo a duba.

5.0 Jingina da amana a fiƙihun Malikiyya

Za a iya cewa waɗannan dokokin Turawa ne, an ɗinka su daidai jikin masu su. Wannan ne ya sa na koma ga littattafan da alƙalanmu da malaman zaure suka tashi a kansu.

Mu fara da matsayin ɗan haya. A Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, an bayyana cewa wanda ya yi hayar wani abu ba ya ɗaukar lamunin halakarsa a hannunsa, kuma maganarsa ake gaskatawa sai in ƙaryarsa ta bayyana. Wato hannun ɗan haya hannun amana ne. Ba a cin sa tara sai in ya wuce iyaka ko ya yi sakaci. A haɗa wannan da ƙa'idar da kowane ɗalibin shari'a ya sani, cewa mai da'awa ne ke kawo shaida, wanda ya musa kuma ya yi rantsuwa. Sakamakon ɗaya ne da na mai raba gardama a Ingila: mai gidan da ya ce an fasa masa tayil shi zai tabbatar. Abin da muke yi a yau akasin haka ne, domin ɗan haya muke sa wa ya wanke kansa, alhali makullin ɗakin da shaidar take ciki ya riga ya bar hannunsa.

Su kuma kuɗin, abin da ya fi kama da su a fiƙihu shi ne jingina, wadda aya ta 283 ta Suratul Baƙara ta halatta, nan da nan bayan doguwar ayar da ta yi umarnin rubuta bashi. Malamai za su iya tattauna wasu rassan wannan kamance, amma abubuwa uku a babin jingina sun shafi matsalarmu kai tsaye.

Na farko, Muhtasar na Shaihu Halil, malamin Masar na ƙarni na 14, ya yarda a jinginar da tsabar kuɗi a hannun mai bin haƙƙi, amma da sharaɗin a rufe su a buga musu hatimi, ta yadda in an taɓa za a gane. Masu sharhi sun faɗi dalili: don a toshe kafar da mutum zai ci rance da sunan jingina. Ban san wata magana da ta kama dillalin nan mai cewa "sai sabon ɗan haya ya biya" kamar wannan ba. Ƙarnoni kafin a yi asusun banki na daban irin na Jamus, malaman nan sun hango cewa kuɗi ba su da alama, in suka shiga aljihu sun narke, saboda haka suka nemi a yi musu shinge. Hatimin jiya shi ne asusun da mai gida ba zai iya cira daga ciki shi kaɗai ba.

Na biyu, littafin ya ce in ɓangarorin suka saɓa kan wanda zai riƙe jingina, maganar wanda ya nemi a kai ta hannun amintacce ita ake bi. In kuma a hannun amintaccen take, ba a buƙatar hatimi. Tsarin Ingila ke nan a taƙaice. Na uku, Muwaɗɗa ta Imam Malik ta kawo hadisin da ya hana jingina ta zama mallakin mai riƙe da ita don kawai ɗayan ya gaza cika sharaɗi. Mai haƙƙi ya ɗauki gwargwadon haƙƙinsa, saura ya koma ga mai shi. Saboda haka sharaɗin da wasu ke cusawa a yarjejeniya, cewa ɗan haya ya yi asarar ajiyarsa gaba ɗaya in ya saɓa ko da abu guda, ko kuma cewa ajiyar ba a dawo da ita sam, ba shi da gindin zama a wannan mazhaba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne mutumin da ba zai taɓa yarda ya ci kuɗin ruwa ba, shi ne zai juya ajiyar ɗan haya shekara uku a kasuwancinsa ba tare da zuciyarsa ta ɗarsa komai ba. Na fi ɗora wannan a kan rashin tunatarwa. An fi jin babin jingina a darasi, an manta cewa ya shafi rasit ɗin da ke aljihun dillali.

6.0 Abin da za a iya yi

Akwai abin da ba ya jiran majalisa. Kusan kowa yana da waya mai ɗaukar hoto. Ranar shiga, mai gida ko wakilinsa da ɗan haya su bi ɗaki-ɗaki, a ɗauki hoton bango da silin da banɗaki da lambar da mita ta nuna, a tura wa juna ta WhatsApp don kwanan wata ya zauna, a rubuta abin da aka gani a takarda guda kowa ya sa hannu. A ba da rasit na ajiya daban, da sunan mai gida a kai, don kada gobe ya ce dillali ne ya karɓa. Ɗan haya kuma ya nemi a duba gida kwana biyu ko uku kafin motar kaya ta zo, lokacin da yake da sararin gyara kan famfo da kansa. In an hana shi haƙƙinsa, ya rubuta takardar neman biya mai wa'adi kafin ya nufi kotun ƙananan basussuka, ko ya fara da mai unguwa, ko Hisba a jihar da take zaman sulhu.

Ga majalisun jihohi, dokar da ake buƙata gajeriya ce. In za a ɗauki abu guda kawai, ni zan zaɓi tanadin Afirka ta Kudu, a haɗa shi da wa'adin biya da tarar jinkiri. Mataki na gaba shi ne raba kuɗin da aljihun mai gida. Ba na goyon bayan a ce wata ma'aikata ta riƙe su, domin jama'a ba za su saki jiki ba, kuma layin karɓa zai iya fin na dillali tsawo. Banki ya fi dacewa, da asusun da ba a cira sai da amincewar ɓangarorin biyu ko da umarnin mai raba gardama. Dokar Jamus da ta Afirka ta Kudu duka sun ce a sa kuɗin inda za su haifar da ruwa, ruwan kuma na ɗan haya ne. Musulmi da yawa ba za su karɓi wannan ba, amma bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJBank da ya biyo baya a 2019, suna da asusun raba riba da zai rage wa ajiyar zaizayar farashi ba tare da an shiga haram ba.

Za a ce masu gidaje za su kauce, su canza wa ajiyar suna, su kira ta kuɗin gyara ko kuɗin fenti. Wasu za su yi. Shi ya sa ya kamata dokar ta kama duk kuɗin da aka karɓa saboda ɓarnar da ba ta riga ta faru ba, ko da wane suna aka karɓe su. Kuma kada a rubuta ta kamar don a hukunta masu gidaje aka yi. Wanda aka kwance masa fanka aka bar masa bashin mita, in yana da hotunan ranar shiga da rasit ɗin gyara, ya kamata banki ya sakar masa haƙƙinsa cikin wa'adin da aka yanka wa ɗan haya, ko da ɗan hayar ya kashe wayarsa.